Ɗalibi a Majalisar Manya

(Jawabin da aka gabatar a taron makon ɗalibai, a madadin waɗanda suka taɓa wakiltar 'yan'uwansu a kwamitocin jami'a)



An nemi mu yi magana a kan wata kujera wadda har yanzu doka ba ta ba mu ita ba, watau kujerar wakilin ɗalibai a Majalisar Gudanarwa ta jami'a. Kusan kowace shekara, in lokacin zaɓen ƙungiya ya zo, sai mun ji ɗan takara ya hau benci a bakin ɗakin kwana ya yi alkawarin zai ƙwato mana ita, a yi masa tafi, a watse. Abin da ba mu cika ji ba shi ne bayanin aikin da ke jiran wanda zai zauna a kanta. To, mu da muka ɗan zauna a ƙananan kwamitoci da sunanku, kamar na jin daɗin ɗalibai da na ladabtarwa, muna so mu faɗi abin da muke gani kujerar nan za ta iya yi, da inda ƙarfinta ya tsaya, da irin zaman da ya kamata a yi a kanta in Allah ya sa aka same ta.

Bari mu fara da sanin su wane ne ke cikin zauren. Dokar da ta tsara majalisun jami'o'in gwamnatin tarayya ita ce dokar soja mai lamba 11 ta 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2003. Bisa wannan gyara, majalisar ta ƙunshi shugabanta, wanda gwamnati ke naɗawa, da shugaban jami'a da mataimakansa, da mutum ɗaya daga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, da mutum huɗu daga wajen jami'a waɗanda su ma gwamnati ce ke kawo su, da huɗu daga Majalisar Dattawan jami'a, watau majalisar manyan malamai, da biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri, sa'an nan ɗaya daga taron waɗanda suka sauke karatu a jami'ar. In jami'a tana da mataimakan shugaba biyu, mutum 16 ke nan. Magatakarda shi ne sakatare, ma'aji da shugaban ɗakin karatu kuwa sukan halarta ba tare da ƙuri'a ba. Ku sake ƙirgawa da kyau. Wanda ya karɓi digirinsa shekara talatin da suka wuce yana da wakili, amma wanda ke kwana yau a ɗakin da ke yoyo ba shi da kowa. Alhali kuwa wannan majalisa ita ce ke riƙe da dukiyar jami'a, ita ce ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma tun daga gyaran 2003 ita ce ke zaɓen shugaban jami'a ta naɗa shi, sa'an nan ta sanar da Shugaban Ƙasa.

Gaskiya ne gyaran nan bai manta da mu ɗungum ba. Akwai sashe guda a cikinsa da ya ce a sa wakilan ɗalibai a hukumar jin daɗin ɗalibai da sauran kwamitocin da suka shafi al'amuransu, a kuma dama da su wajen tsara manhaja da auna koyarwar malamai. Muna roƙon kowane ɗan majalisar ƙungiya ya nemi dokar nan ya karanta, 'yan shafuka ce kawai. Da yawa daga abubuwan da muke roƙo da murya ƙasa-ƙasa a ofishin harkokin ɗalibai haƙƙi ne da aka riga aka rubuta mana. Amma dai iyakarta ke nan. An shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, ba a ce mu shigo ba.

Waɗanda ke ganin kwaɗayin girma ne ya sa ɗalibai neman shiga, sai mu tuna musu da abin da rashin wurin zama ya jawo. Ran 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, shi ne ɗalibi na farko da aka kashe ta haka a harabar jami'a a ƙasar nan. Mafarin rigimar kuwa ƙorafi ne a kan abinci da yadda ake tafiyar da ɗakin cin abinci na gidan kwanan ɗalibai mai sunan Nnamdi Azikiwe, maganar da mutum biyar za su iya kashewa a zama ɗaya da an sami inda za a zauna da wanda zai saurara. A watan Mayu na 1986, a Samaru, saɓani ne tsakanin hukumar Jami'ar Ahmadu Bello da shugabannin ƙungiya a kan wani jerin gwanon tunawa da ɗaliban da aka kashe a 1978, da hukuncin da aka yanke wa shugabannin daga baya, ya kai ga shigowar 'yan sandan kwantar da tarzoma ran 23 ga wata. Hukuma da bakinta ta amsa mutum huɗu sun mutu, ɗalibai kuwa suka ce adadin ya fi haka. Duka biyun nan rigingimu ne na cikin gida, waɗanda aka yanke shawararsu a ɗakunan da babu ɗalibi ko ɗaya mai ikon cewa a dakata.

Amma kada mu ruɗi kanmu mu ɗauka kowace masifa daga zauren majalisa take fitowa. Ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana da ya haifar da zanga-zangar 1978, wadda ake kira da sunan Kwamishinan Ilmi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, daga Legas ya fito, daga gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta bakin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Da ɗalibai suna da kujeru goma a kowace majalisa a lokacin, ba abin da za su iya hanawa. A watan Afrilu na shekarar aka harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Legas, sojoji suka buɗe wuta a Zariya, aka haramta ƙungiyar NUNS, aka kori shugabanta Segun Okeowo daga makaranta, shugabannin jami'o'in biyu su ma suka bar kujerunsu. Na kusa-kusa ma, a watan Yuni na 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwa na jami'o'inta gaba ɗaya, ba a naɗa sababbi ba sai tsakiyar 2024, kuma a cikin wannan shekara ta 2023 ne jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Wanda ke da kujera a majalisar da aka rushe, tsaye zai kwana kamar kowa.

To, in haka ne, mene ne amfaninta? Don amsa wannan sai mu leƙa inda aka riga aka ba da ita. Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1918 ɗaliban Jami'ar Kordoba ta ƙasar Ajantina suka yi boren da ya shigar da ɗalibai cikin mulkin jami'o'in wannan yanki, Faransa kuwa ta yi tata dokar a ƙarshen 1968 bayan tarzomar watan Mayu. A Sikotlan, a 1972, ɗaliban Jami'ar Edinbara suka zaɓi ɗan'uwansu ɗalibi, Gordon Brown, wanda ya zama Firayim Ministan Birtaniya a 2007, a muƙamin da doka ta ba mai shi ikon shugabantar zaman majalisar gudanarwa, ya kuwa dage sai ya shugabanta ko da yake manyan jami'ar ba su so ba. A nan kusa da mu, dokar Jami'ar Gana ta 2010 ta ba ɗaliban digirin farko kujera ɗaya, na gaba da digiri ɗaya.

Amma labarin da ya fi koya mana wani abu shi ne na Afirka ta Kudu. Dokar ilmi mai zurfi ta ƙasar, ta 1997, ta wajabta wa kowace jami'ar gwamnati ta sa ɗalibai a majalisarta, sai dai ta ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na 'yan majalisar su zama mutanen waje. A watan Oktoba na 2015 majalisar Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ta amince da ƙarin kuɗin makaranta na kashi 10.5 cikin ɗari. Wakilan ɗalibai suna cikin zauren, ba su yarda ba, aka rinjaye su. Da a nan labarin ya ƙare, da mun ce ga shi nan, kujerar ado ce. Amma waɗannan wakilai sun fito daga ɗakin da sanin adadin, da sanin hujjojin da aka kawo, da kuma ikon cewa sun bi ƙofa sun yi magana an ƙi ji. Ran 14 ga wata aka fara zanga-zanga, ta bazu zuwa sauran jami'o'i, ran 23 Shugaba Jacob Zuma ya ba da sanarwar babu ƙari a 2016. Ba muna kawo wannan don mu yabi duk abin da ya biyo baya ba ne, gama a shekarar da ta biyo an yi ƙone-ƙone da asarar da ba mai hankalin da zai yi murna da ita. Abin lura shi ne ƙuri'ar da aka kayar a cikin ɗaki ita ce ta ba maganar waje nauyi.

Saboda haka duk wanda zai nemi ku zaɓe shi a wannan kujera da alkawarin zai hana kaza ya soke kaza, ku sani ko dai bai iya lissafi ba ko kuwa ya raina muku hankali. Mutum ɗaya cikin 17 ba ya cin ƙuri'a. Ƙarfinsa a wani wuri yake. Yana ganin takarda kafin ta zama hukunci, watau ya san abin da ke tafe tun ana iya juya shi, maimakon ihu bayan hari da muka saba yi a gaban allon sanarwa. Yana iya yin tambaya a gaban mutanen waje, waɗanda yawancinsu sau uku ko huɗu suke taka harabar a shekara, daga masauki sai zauren taro, kuma ba su san komai game da jami'ar ba sai abin da hukuma ta shirya musu a cikin fayil. In ya ce musu famfon gidan kwanan mata ya yi wata biyu bai kawo ruwa ba, mai yiwuwa shi ne mutum na farko da ya faɗa musu, kuma dole wani ya ba da amsa a nan take. Daɗin daɗawa, yana iya sa a rubuta. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi rainawa. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Jihar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Abin da ya faɗa, an daɗe ana faɗinsa da raɗa a zauruka. Bambancin shi ne ranar nan ya shiga littafin majalisa, ba wanda zai sake cewa bai ji ba, kuma kafin ƙarshen 1954 an sake dokar En'e. Rahoton zama shi ne abin da kwamitin bincike ke fara nema in abu ya ɓaci, shi ne kuma abin da kotu ke karantawa. Wakilin da ya ce a rubuta bai yarda ba, da dalilinsa, kuma ya duba a zama na gaba ya tabbata an rubuta yadda ya faɗa, ya yi aikin da masu kururuwa ɗari ba su yi ba.

Sai dai duk wannan ba ya samuwa ga wanda bai karanta ba. Takardun zama sukan zo da kauri kamar littafin ƙamus, sau da yawa ana gobe taro, wani lokaci ma a bakin ƙofa ake miƙa maka su. Abin da ya shafi ɗalibai kuwa ba safai yake zuwa da sunansa a goshi ba. Ƙarin kuɗin ɗakin kwana yana iya ɓuya a cikin jadawali na huɗu na rahoton kwamitin kuɗi, a ƙarƙashin kalmar daidaitawa. Wajibi ne wakili ya san aljihunan jami'a ɗaya bayan ɗaya. Albashin ma'aikata daga gwamnati yake zuwa, ba a taɓa shi don wani abu dabam. Kuɗin asusun TETFund, wanda aka kafa tushensa a 1993 da harajin ribar kamfanoni, aka sake masa doka a 2011, na gine-gine ne da kayan aiki da bincike da horar da malamai, ba a yi shi don biyan kuɗin wuta na wata-wata ba. Abin da gwamnati ke bayarwa na hidimar yau da kullum kaɗan ne ƙwarai. Saura kuwa, watau lantarki da man janareta da ruwa da shara da masu gadi da magungunan asibitin makaranta, yawancinsa daga kuɗin da jami'a ke tarawa da kanta yake fita, kuma ku ne babbar rijiyar da ake ɗiba. Shi ya sa gwamnati za ta rantse karatu kyauta ne a jami'o'inta, ta kuwa yi gaskiya a takarda, alhali kuɗin rajista ya ninka. Sa'ad da aka ƙara kuɗin lantarki ga masu layin da ake kira rukunin A a watan Afrilu na 2024, farashin ya ninka fiye da sau uku, kuma jami'o'i da dama a wannan layi suke.

Wakilin da bai san wannan ba, in ya miƙe ya ce ga sabon gini ana yi amma an ce babu kuɗi, cikin minti biyu ma'aji zai zaunar da shi, kuma daga ranar ba mai sake sauraronsa. Wanda ya sani kuwa zai tambayi nawa aka tara bara da sunan kuɗin asibiti, nawa aka kashe a asibitin, ina ragowar. Zai tambayi me ya sa gidajen ma'aikata da shagunan 'yan kasuwa da ke harabar ba su da mita, in ba su da ita. Zai ce in dai ƙari ya zama dole, a yarda a biya kashi biyu, kuma kada a hana kowa zana jarrabawa kafin wa'adi ya cika. Irin waɗannan tambayoyi ba sa sa a yi wa mutum kirari a dandali, amma su ne ke hana wani ɗan manomi tattara kayansa ya koma gida a shekararsa ta uku.

Akwai kuma wata dabara ta majalisu da ya kamata mu sani tun kafin mu shiga. A cikin ƙananan kwamitoci ake dafa magana, musamman kwamitin kuɗi da ayyukan yau da kullum, babban zama sau da yawa ɗanɗanawa kawai yake yi ya ce ta yi. In aka ba mu kujera a babban zama aka hana mu ta kwamitin kuɗi, an ba mu cokali ne bayan an kwashe tuwo. Haka nan a ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari akwai al'adar keɓe wasu batutuwa, a ce ɗalibi ya fita in an zo kansu, kamar ƙarin girman wani malami ko sakamakon jarrabawar wani ɗalibi. Ba mu ga laifin wannan ba in an rubuta batutuwan tun farko, an san iyakarsu. Laifin yana zuwa ne sa'ad da jerin ya riƙa tsawo, har ya zamana duk maganar da ke da ƙaiƙayi an keɓe ta.

Wannan ya kawo mu kan sirri, wanda a ganinmu shi ne ramin da wakilai suka fi faɗawa, ta gefe biyu. Ranar farko za a gaya maka duk abin da aka faɗa a ɗakin nan amana ce. Wani sai ya ji tsoro ya kulle bakinsa shekara guda, waɗanda suka zaɓe shi ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Wani kuma kafin ya sauka daga bene ya ɗauki hoton takarda ya watsa a wayoyi, daga nan sai a riƙa yin taron gaskiya a wani gida da daddare, a bar masa na shan shayi. Mu dai ga inda muka tsaya. Abin da ya shafi mutuncin wani mutum da sunansa, ko lafiyarsa, ko farashin da 'yan kwangila suka sa kafin a buɗe takardunsu, amana ce, a mutu da ita. Amma abin da za a ɗora wa dubban mutane su biya ko su bi ba sirrin kowa ba ne, kuma wakili ya faɗa a zamansa na farko, a gaban kowa, a kuma rubuta, cewa irin wannan zai kai wa majalisar ɗalibai don ya ji ra'ayinta kafin a yanke. In an yi wannan sharaɗi da rana tsaka, ba mai cewa an ci amanarsa daga baya.

Tambayar da ta fi wuya ita ce, shi wakilin nan na wane ne? Manya za su ce masa daga ranar da ya shigo shi ɗan majalisa ne kamar kowa, maslahar jami'a gaba ɗaya ita ce a wuyansa. Ku kuma za ku ce ɗan aikenku ne, abin da babban taro ya yanke shi zai je ya faɗa. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Wata rana zai ga lissafi da idonsa, ya tabbata in ba a ƙara wani abu ba za a yanke wuta ana tsakiyar jarrabawa, alhali babban taro ya ce ko kwabo kada ya yarda. A irin wannan rana ba mu yarda ya ɗaga hannu tare da manya a ɓoye ya dawo ya ce an fi ƙarfinsa ba, ba mu kuma yarda ya yi ta musun abin da ya san gaskiya ne don a yi masa tafi ba. Ya nemi a ɗaga maganar, ya dawo gabanku da lissafin a hannu, ya sha ihun da zai sha. In kun saurara kun sake shawara, to. In kun ƙi, ya koma ya faɗi matsayinku yadda yake, ba ragi. Ya kuma san cewa ko ya yi daidai zai sha zargi, gama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ba zai iya jure a kira shi ɗan amshin Shata da safe a ɗakin kwana, da rana kuma a kira shi mai tayar da fitina a ofis ba, ya bar wa wani takarar.

Ba za mu tsallake maganar alawus ba. 'Yan majalisa suna da kuɗin zama, da masauki, da abinci irin wanda ɗalibi ba ya gani sai a biki. Ba sai an ba mutum cin hanci ba. Ya isa a riƙa kiransa da sunansa, a dafa kafaɗarsa, wani babba ya ce in ka gama ka neme ni. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Maganin da muka sani shi ne a bayyana: ko nawa aka ba shi, a karanta a majalisar ɗalibai, a rubuta a littafin ƙungiya. Ɗaya gefen kuma tsoro ne, kuma tsoro ne mai dalili. Duk sauran 'yan majalisa suna da albashinsu da digirinsu a hannu. Shi kaɗai ne zai yi gardama da mutum da safe, alhali takardar jarrabawarsa tana kan teburin abokin mutumin, kuma shaidar digirinsa tana jiran sa hannun wanda ya ƙure da tambaya. Duk dokar da za ta ba da kujerar nan ba tare da ta kare mai ita daga hukunci a kan abin da ya faɗa a cikin zaure ba, tarko ta ɗana wa yaron mutane.

A kwamitin ladabtarwa, inda a wurare da dama muna da wakilci tun yanzu, nauyin ya fi haka, domin makomar ɗan'uwanka ce a gabanka. Ba aikin wakili ba ne ya wanke mai laifi. Wanda ya yi satar jarrabawa ko ya ci zarafin ɗaliba, mu ya fara cuta. Aikinsa ya tabbata an bi hanya. A nan ma akwai abin riƙewa. Bayan tarzomar 1983 a Jami'ar Maiduguri an kori wasu ɗalibai, suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Garba ta kai har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar, domin shugaban kwamitin da ya bincike su, watau mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, kuma laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata kotu ce ke da hurumin yanke hukuncinsu. Wakilin da ya san wannan shari'a zai iya tambaya cikin ladabi ko an gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa a rubuce, ko an ba shi damar jin masu ba da shaida a kansa, ko kuma akwai mai ƙara a cikin masu hukunci. Ya taimaki ɗalibin, ya kuma taimaki jami'ar, wadda in ba haka ba za ta je ta sha kunya a kotu bayan shekaru.

Wani abin da ke karya mu shi ne gajeren wa'adi. Majalisa shekara huɗu take yi, magatakarda ya fi haka daɗewa a cikin fayiloli, wakilin ɗalibai kuwa shekara ɗaya, wadda yajin aiki kan cinye rabinta. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka. Kafin ya gane inda ake sa hannu, lokacinsa ya ƙare, wanda ya gaje shi ya faro daga baƙi da wasali, a sake yi masa alkawarin da aka yi wa na gabansa. Hukuma ba ta buƙatar ta ƙi mu, jira kawai za ta yi. Don haka muke ganin a nemi kujeru biyu, wa'adinsu ya saɓa, ta yadda kullum akwai wanda ya kwana biyu a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu ta zama ta mace, gama akwai abubuwan da ke faruwa a gidajen kwanan mata da ofisoshin wasu malamai waɗanda ba za a taɓa gaya wa namiji ba. Kafin nan, abin da ba ya buƙatar izinin kowa shi ne littafi. Kowane wakilinmu a kowane kwamiti ya rubuta abin da aka yi alkawari, da ranar, da wanda ya yi, ya miƙa wa magajinsa hannu da hannu.

Kuma lalle zaɓaɓɓe muke nufi, da ƙuri'ar ɗalibai. Tun dokar soja mai lamba 47 ta 1989, wadda ta mai da shiga ƙungiya ganin dama ta kuma sauƙaƙa rushe ta, mun ga yadda a makarantu da dama ake dakatar da ƙungiya a naɗa kwamitin riƙo, ko a sa sharuɗɗan takara da za su tace duk mai ƙashin baya. In ofis ne zai zaɓi wanda zai zauna, an ƙara wa hukuma ƙuri'a ɗaya ke nan da sunanmu, gara ma babu. Mu ma a namu ɓangaren, in muka sayar da ƙuri'armu a kan ƙabila ko jiha ko kuɗin wani ɗan siyasa na cikin gari, to, kada mu yi kuka in wakilin ya tafi yi wa wanda ya saye shi aiki.

Yayyenmu ma'aikata, ku ma akwai naku. Waɗansunku suna ofishin magatakarda, waɗansu a ma'aikatar ilmi, waɗansu a ofisoshin majalisun dokoki, kuma ta hannunku takardun nan suke bi. Ku ne kuka san ranar da fayil ya kammala da ranar da aka aika da shi. In kun sa takardun wakilin ɗalibai sun isa gare shi mako guda kafin zama kamar na kowa, kun rubuta maganarsa a rahoto yadda ya faɗe ta ba tare da kun sassauta ta ba, kun yi mana abin da ya fi gudummawar kuɗi.

Game da hanyar samun kujerar, ta jami'o'in tarayya sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara sashen da ya jera 'yan majalisa, ta jami'o'in jihohi kuwa majalisar dokokin kowace jiha ce ke da iko, kuma mai yiwuwa can ne ƙofar ta fi sauƙin buɗewa. Wannan aiki ne na shekaru, wanda ya kamata NANS ta sa a gaba. Amma akwai matakin da ba ya jiran Abuja. Yadda ma'aji da shugaban ɗakin karatu suke halartar zama ba tare da ƙuri'a ba, haka majalisa za ta iya gayyatar zaɓaɓɓen wakilin ɗalibai ya halarta, ya ga takardu, ya yi magana, a rubuta, duk lokacin da za a tattauna kuɗin rajista ko ɗakunan kwana ko tsaro. Muna ba majalisar wakilan ɗalibai shawara ta rubuta wannan buƙata a takarda ɗaya, ta bi da ita ta ofishin magatakarda, ta karɓi shaidar an karɓa mai ɗauke da kwanan wata, ta kuma aika da kwafi ga wakilin tsofaffin ɗalibai da wakilai biyu na taron ma'aikata, domin ɗaya daga cikinsu ya tayar da maganar in ba ta fito a ajanda ba.

Shugaban taro, mun ga an miƙo mana takardar cewa lokaci ya ƙure.